Garin Zomon Yaya

"Sati biyu na bar miki zomon nan, robar tana nan cike!" Yayar ta wurga wa ƙanwarta garin ƙarin ƙarfin da take barbaɗa masa a abinci.

"Yaya, in ya ci, fitsari gagararsa yake..."

"Rufe min baki, muguwa! Kwashe kayanki ki bar min gida!"

Tana huci ta kai zomon da robar wurin likitan dabbobi, ta ce sati biyu aka hana shi garin. Ya latsa mararsa, ya karanta jikin robar, ya haɗe rai.

"Hajiya, garin nan ne yake tara masa tsakuwa a mara. Wa ya hana shi?"

Ya ture robar gefe.

"Ko wane ne, ki riƙe shi hannu bibbiyu. Ba don shi ba, da gawa kika kawo min."