Ragowar Fentin da ke Zaure

Sagiru, Balaraba, ku zo nan ku zauna. Ke, ajiye wayar nan. Tun hantsi nake jin ku kuna sa-in-sa a kan ragowar fentin da ke zaure: kai ka ce a tuttule a kwata, ke kin ce bokitin kike so. Ban yi boko ba, amma ku ji wannan.

Wani magidanci ne ya yi wa gidansa fenti ana jibi Sallah, shuɗi, irin mai man nan. Aka gama, saura kamar kwano guda a gindin bokiti. Mutumin ba mugu ba ne. Matarsa ce ta ƙyalla ido a kan bokitin, don mai murfi ne, za ta riƙa tara ruwa. Sai ya tuttule fentin a kwata, ya ɗauraye da kalanzir, ya ce a ransa abin da ruwa ya tafi da shi ya tafi ke nan. To kwatar nan ta ƙarƙashin katanga take bi, ta ratsa gidan wata tsohuwa, ta wuce dab da rijiyar da gidajen biyu suke sha. Tsohuwar ba ta da komai sai agwagi bakwai, ƙwansu ne cefanenta. Kun san agwagwa da kwata. Kafin la'asar duk sun yi shuɗi har wuya, bayan kwana biyu, biyar daga ciki suka mutu. Ba ta kai ƙara ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Jera su ta yi a bakin ƙofa, ta zauna tana kallo. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita, ya sayo mata wasu, ya ɗauka magana ta ƙare.

Sai ga ruwan sama mai ƙarfi, kwata ta cika ta malala cikin rijiya. Da safe matarsa ta jefa guga za ta dama wa ɗanta koko, ruwa ya fito da maiƙo a kansa, yana warin kalanzir. Wata guda gidajen biyu suna sayen ruwan garuwa ana yasar rijiya. Bokitin nan kuwa yana kife a tsakar gida, babu ruwan zubawa. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

To ni kwatata gidan maƙwabciyarmu Iya Tabawa take bi, shekara talatin muna jan guga ɗaya. Fentin nan na zaure, na saman mai kyau a kai wa Malam Hudu, ƙofar shagonsa duk tsatsa. Na ƙasan da ya yi kauri a zuba masa yashi, a ajiye inda yara ba sa kaiwa har ya bushe ƙamas, sannan a ba masu shara. Bokitin kuma, Balaraba, na gawayi ne, ruwan sha ba zai shiga cikinsa ba. Ku tashi ku daidaita, kafin in idar da la'asar in ji an kashe maganar nan.