Tsakar Rana a Tashar Race Course

Ina 'yar shekara bakwai ranar da muka tsaya da Mma, mahaifiyata, a tashar Race Course, muna jiran motar Kwadaso mu kai ƙanena Sule asibiti. Yana goye, jikinsa zafi rau, yana ta kuka. Filin fetal yake, ba bishiya ba rumfa, ga rana ta take tsaka.

Mma ta cire mayafinta ta miƙo mini. "Ɗaga shi saman kan Sule. Ko hannunki ya gaji, kada ki sauke."

Na yi ɗage na riƙe shi saman kansa. Can sai kukan ya tsaya. Na ji daɗi, na ce, "Mma, ya yi barci."

Ta kwanto shi da sauri, ta kara kunnenta a ƙirjinsa. Ta daɗe a haka, leɓɓanta na motsi, ni kuwa ban sauke mayafin ba.

Sai ya yi tari. Mma ta durƙushe a ƙasa da shi.

Sule ya girma, har ya aurar da 'ya. Amma ni har yau, in jariri ya yi shiru, sai na je na taɓa shi.