Jimla Ɗaya a Yaren Hadari

Muryar matar da ke koyar da yare a wayarsa ta faɗi jimlar, ta yi shiru. Tartsatsi ya maimaita a ƙarƙashin hular walda, yana cije haƙora. Ta sake faɗa, ya sake bi. Darasin yau kan yadda ake tambayar hanyar kasuwa ne, shi kuwa ba kasuwa yake nema ba.

Mai walda ne a kamfanin ƙera tankunan ruwa. Mai kamfanin baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Ma'aikata suna ce masa Hadari, saboda fuskarsa. Duk abin da zai faɗa sai ya bi ta bakin Tafinta, wanda shi ne kuma shugaban leburori, mai alhakin ganin kowane aiki ya fita a kan lokaci.

Bara, ranar da ake gaggawar gama wani ƙaton tanki, yayan Tartsatsi ya kira shi a waya. Jikin Inna ya rikice, tana ta kiran sunansa. Ya ajiye abin walda ya ruga ofis. Tafinta ya isar da roƙonsa. Hadari ya miƙe tsaye, ya yi magana da sauri, yana nuna ƙofa da hannu.

"Ya ce in ka taka ƙofar nan kafin a gama tankin, kada ka dawo," in ji Tafinta, ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Na roƙe shi."

Matar Tartsatsi na da tsohon ciki a lokacin. Ya koma ya gama tankin. Da ya isa gida washegari, an riga an dawo daga maƙabarta.

Tun daga nan Hadari bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. In ya zo wucewa ta wajen walda sai ya kawar da kai, kamar ya ga mushe. Wani lokaci har ya yi tsaki. Tartsatsi ya riƙa bin ƙeyarsa da kallo, ƙarfe na huci a hannunsa.

Zagi ta bakin wani ba ya ratsa jiki. Shi ya sa ya sa aka ɗora masa darussan yaren a waya, ya sayi abin saƙalawa a kunne.

Da farko yaren ya yi masa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Bai san inda kalma ta fara ba, balle inda ta ƙare. Yana saurare a mota, yana saurare a layin famfo, yana saurare yana cin abinci.

"Baban yara, ina maka magana kana gaishe da bango," matarsa ta ce. "Ko aljanun ne suka koma makaranta?"

Ya ci gaba da sauraronsa. A hankali tsakuwar ta fara rarrabuwa. Ga "ruwa", ga "gobe", ga "uwa". Da darussan suka yi masa sanyi da ladabi, sai ya koma sauraron tashar rediyon ƙasar, inda ake magana da sauri, ana musu, ana katse juna. Abin da ya kama ya kama, abin da ya wuce ya mayar baya.

Tafinta ne ya fara lura. Ya zare abin daga kunnen Tartsatsi ya saurara, dariyarsa ta tsaya a rabi.

"Wannan yaren ba a koyonsa da kunne. Ni da na zauna a can ma da ƙyar na sha. Ka bar wahalar da kanka."

Kwana biyu bayan haka ya tara ma'aikata, ya ce Hadari ya hana sa komai a kunne a bakin aiki. Aka kuma mayar da wajen walda can ƙarshen fili, bayan injin yankan ƙarfe, inda ko ihu ba a ji. Tartsatsi ya ƙara wannan a kan laifin Hadari, ya zura wayar abin kunnen ta cikin riga, ya ci gaba.

Jimla ɗaya yake so. Ya harhaɗa ta kalma-kalma, ya gyara, ya maimaita ta har ta zauna a harshensa kamar sunansa. Ya san ranar da ya faɗe ta aikinsa ya ƙare. Ya faɗa wa matarsa haka. Ta dube shi, ta dubi jaririn, ta ce Allah Ya rufa asiri.

Ranar da Inna ta cika shekara da rasuwa, ana hutun azahar, ya cire hular walda ya nufi ofis. Bai ƙwanƙwasa ba. Hadari na zaune yana cin abinci. Tafinta ya biyo shi da gudu, yana haki, yana jan rigarsa.

"Me kake nema? Faɗa mini, ni zan gaya masa."

Tartsatsi ya fizge rigar. Ya dubi Hadari ido cikin ido, ya faɗa da yaren mutumin:

"Kai ka hana ni ganin uwata kafin ta mutu."

Cokalin ya tsaya a hannun Hadari. Fuskarsa ta yi ja. Ya ajiye cokalin, ya fara magana.

Tafinta ya yi caraf: "Ya ce ka fita yanzu, ya ce..."

"Rufe mini baki," Tartsatsi ya ce. "Ina ji."

Ya roƙi Hadari ya maimaita a hankali, yadda matar darasi ta koya masa. Hadari ya maimaita, kalma bayan kalma, kuma ba Tartsatsi yake kallo ba, Tafinta yake kallo.

"Cewa na yi ka ɗauki motata ka tafi nan take. Wannan ne ya ce mini ka ce tsohuwa za ta iya jira."