Kurkum a Goshin Jirgi

Murugesan ya tarar da Tamarai tana shanya kifi a bakin teku. Ya miƙa mata ƙoƙon garin kurkum, kansa a sunkuye.

"Ni na sayi jirgin," ya ce.

Ta san shi sarai: gungumai huɗu ɗaure da igiya, waɗanda suka dawo bara babu mijinta a kai.

"Matar gida ke shafa wa goshin jirgi kurkum don neman tsari," ta ce. "Kai kuwa ba ka da mata."

"Shi ya sa na zo."

Ta daɗe tana kallon tsohuwar igiyar. Can ta karɓi ƙoƙon, ta rufe shi da gefen zanenta.

"Sake igiyar nan tukuna, a gabana. Ba zan ba teku miji biyu ba."