Falon da Mama Ta Gani

Tana kan tsani tana gyara wata fitila mai lanƙwasasshen wuya sai ta ji an turo ƙofa. Saurayinta ne, wanda saura ƙiris a ɗaura musu aure. Daga jin yadda ya yi sallama, ta san ba lafiya ba.

Ita ta tsara falon da za su zauna, don sana'arta ke nan: bango ɗaya ruwan hoda, ɗaya ruwan ƙwai, ginshiƙi a tsakiyar ɗaki wanda bai tallafi komai ba, ga kantar littattafai an karkata ta da gangan.

"Mama ta zo ta gani jiya," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta sauko a hankali. "Me ta ce?"

"Ta ce wannan wurin wasan yara ne, ba ɗakin matar aure ba. Wai macen da ta yi wa gida haka, ba ta san me za ta yi wa ɗanta ba. Ta ce a dakata da maganar auren."

"Fenti ne fa!" ta ce. "Gobe ma sai in mayar da shi fari. Ginshiƙin nan katako ne, mutum biyu za su fitar da shi." Ta matso. "Kai me ka ce mata?"

Ya hau laluben aljihu.

"Don Allah, me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba."

Ɗazu tsoron Mama take ji. Yanzu kuwa ta dube shi sosai, ta ga shi ne abin tsoron, sai ta ja da baya.