Ɓangaren da Yaya Ya Goge

"Na goge shi!" Yaya ya dangwarar min da kwamfutar a gabana. "Gobe ma ki ƙara."

Kwamfuta ɗaya Baba ya saya mana, aka raba ta biyu. In ka kunna sai ka zaɓa, Windows na Yaya ko Linux nawa. Laifina kawai, na saita ta tana fara buɗe nawa.

Na kunna. Kai tsaye ta shige nasa, nawa ko alama babu.

"Yi kukan mana," ya ce yana murmushin mugunta.

"Yaya, ka tuna ranar da kake ta masifa ɓangarenka ya cika, ka ce in nema maka wuri?"

"Sai me?"

"To, ina kake zaton na mayar da kundin digirinka?"