Makirfon Mawaƙi a Cikin Ganga

Wannan da idona na gani, malam, ba a ba ni labari ba. Ni da na yi yawon biki har inda kwalta ta ƙare, me zan ci da ƙarya? Gyara zama ka ji.

An yi wani makaɗi a ƙungiyar wani mawaƙin biki. Shi ke kan babbar gangar nan ta zamani da ake kwantarwa a ƙasa, ana taka ta da ƙafa. Tun yana da baƙin gashi yake taka ta, da ita ya yi aure, da ita ya aurar. To sai zamani ya zo da fiyano mai kukan ganga, lasifika ta yi ƙarfi, aka daina jin tasa in fili ya cika. Ran nan mawaƙin ya kira shi gefe, ya ce ba ya son rabuwa da shi, amma masu rawa sun fara ƙorafi. Ya ce ya je ya nemo makirfo ya sa wa gangar. In an ji ta a bikin Asabar, shi ke nan. In ba a ji ba, mai fiyano ya wadatar.

Mutumin ya tafi kasuwa. Mai shago ya ɗauko masa wani gajere, baƙi, mai ƙaton kai kamar kwaɗo, ya ce wannan don irin gangarsa aka yi shi. Makaɗi ya kai shi baki, yadda kowa ke yi, ya ce gwaji-gwaji. Sai ya ji muryarsa ta fito kamar daga cikin rijiya. Ya ce a ransa kwantai ake so a liƙa masa. Can ya hango wani siriri mai ruwan azurfa, irin na ubangidansa sak, wanda shekara da shekaru yake kallonsa daga baya yana sheƙi a hannun mawaƙi. Ya kai shi baki. Muryarsa ta fito tangaran, har shi kansa ya ji daɗin kansa.

Mai shago ya ce, "Baba, kai za ka yi waƙar ko gangar?"

Makaɗi ya biya, ya naɗe abinsa a hula. Shi dai bakinsa ya tambaya, bai tambayi gangar ba, tana can gida a jingine.

Asabar da la'asar fili ya cika. Makaɗi ya zura makirfon ta ramin da ke fatar gaban gangar, ya yi bisimilla, ya taka. Ka san gangar nan ba a kunne ake jin ta ba, a ƙirji ake ji. Iskar da ta fito daga cikinta ta mari ɗan siririn nan, abin da lasifika ta amayar sai ka ce ana bugun jiƙaƙƙen kwali. Ya ƙara ƙarfi, abin ya koma kamar ana yaga zani. Mata suka shigo fili da gyale a kafaɗa, suka nemi inda za su ajiye ƙafa suka rasa, suka tsaya suna kallon juna. Mawaƙi bai ko waiwayo ba. Hannu kawai ya ɗaga wa mai fiyano, aka zare wayar ganga, biki ya ci gaba. Kuma ya yi daɗi, wannan shi ne abin baƙin cikin. Makaɗi ya zauna a bayan gangarsa har aka tashi, hawaye na bin gemunsa.

To, tsaya. Hawayen nan ni na ƙara, kada Allah ya kama ni a kan ruwan idon wani. A bayansa nake, ƙeyarsa kawai nake gani. Amma ƙafar na gan ta: ya ɗauke ta daga kan ganga, tana ta taka ƙasa a hankali, daidai da kiɗan, ba mai ji. Tun ranar ba a sake kiransa biki ba.

Makirfon nan ba shi da laifi, malam, a hannun mawaƙi sarki ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.